Turanci da 'Ya'yan Manoman Bakalori

'Yan'uwa manoma, a tarurrukan ƙungiyoyinmu na gama kai a Talatar Mafara da Bakura da Maradun, in an gama zancen taki da iri da rabon ruwa, akwai wata magana da ba ta rasa tasowa, watau maganar karatun yara. Uba ya sayar da buhun shinkafa ya biya kuɗin jarrabawa, yaro kuwa ya yi shekara 12 yana zuwa makaranta, sakamako ya fito, sai a ce ya faɗi a Turanci. Waɗansu iyaye su ce yaron ba shi da kai, waɗansu su ce malamai ba su yin aikinsu. A ganina mafi yawan laifin yana ga hanyar da ake bi wajen koyar da harshen. Ana koya wa ɗan ƙauye Turanci kamar ya saba jinsa a gida da kasuwa, alhali kuwa baƙon harshe ne gare shi. A wannan fitowa za mu duba yadda abin yake, da abin da malami zai iya yi, da kuma abin da ƙungiya za ta iya yi ko da babu mai jin Turanci a cikinta.

ME YA SA TURANCI YA ZAMA TILAS?

Turanci shi ne harshen aikin gwamnati a Nijeriya. Yaron da ya gama sakandare, ko jarrabawar WAEC ya ɗauka ko ta NECO, sai ya sami kiredit a darussa 5, da Turanci a cikinsu, kafin jami'a ta karɓe shi. A jarrabawar JAMB ma takardar Turanci tana kan kowa, ko aikin gona mutum zai karanta ko aikin likita. Sa'an nan tambayoyin kimiyya da lissafi da aikin gona duk da Turanci ake rubuta su. Saboda haka yaron da ya iya dashen shinkafa tun yana ɗan shekara 10 yana iya faɗuwa a darasin aikin gona, gama bai gane abin da aka tambaye shi ba.

Da can mai neman ilimi mai zurfi sai ya tafi Sakkwato ko Zariya ko Kano. Yanzu ga makarantu a ƙofar gida. A Talatar Mafara akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau, da Jami'ar Jihar Zamfara wadda aka kafa a 2018. A Bakura akwai kwalejin aikin gona, a Maru akwai kwalejin horon malamai, a Gusau kuma Jami'ar Tarayya tun 2013. Abin takaici ne a ce makaranta tana garinku, amma takarda ɗaya ta hana ɗanka shiga.

A gona ma haka abin yake. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Bakalori a 1978, noman rani ya kawo mana abubuwan da kakanninmu ba su sani ba. Bayanin da ke jikin kwalbar maganin feshi, watau yawan da za a zuba cikin litar ruwa, da kwanakin da za a jira kafin girbi, da ranar da maganin zai lalace, galibi da Turanci yake. Takardar rancen banki da yarjejeniyar mai sayen amfanin gona su ma haka. Gidan da ke da yaro ɗaya mai karanta waɗannan ya kuma bayyana su daidai da Hausa, ya tsira daga hasara mai yawa.

BAƘON HARSHE NE A WURINMU

Yaron Legas ko Fatakwal yana jin Turanci ko Buroka a titi, a cikin mota, a wurin wasa. Ɗanmu kuwa Hausa yake ji tun daga tashi har kwanciya, a gida, a gona, a kasuwar Talata, ɗan Fulani kuma yana da Fulatancinsa. Ba ya gamuwa da Turanci sai a cikin aji.

Bari mu yi ɗan lissafi. A ce darasin Turanci minti 40 ne kowace rana, kwana 5 a mako, mako 36 a shekara. In ka tara, awa 120 ke nan, watau daidai da kwana 5 cur, dare da rana. A ce kuma yara 60 ne a ajin. Ko da malami ya yi shiru ya bar musu lokacin duka, kowane yaro ba zai sami minti ɗaya na buɗe baki ba. Wannan ma in makaranta ba ta tsaya ba ke nan. Ba mu manta da 2021 ba, shekarar da aka sace 'yan mata 279 a Jangebe cikin Fabrairu, aka shiga kwalejin Bakura cikin Agusta, aka kuma kwashi ɗalibai a Kaya ta ƙasar Maradun ran 1 ga Satumba, har gwamnati ta rufe makarantu wata da watanni. Harshen da ba a jinsa a gida shi ne farkon abin da yaro ke mantawa in ya daɗe bai shiga aji ba.

ABIN DA AKA GWADA A BAYA

Muhawara a kan harshen da za a fara koyar da yaro da shi ta daɗe. Makarantar da Ɗan Hausa, watau Hans Vischer, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909, da Hausa aka yi karatu a cikinta. A zamanin elementare ma yaro yakan ƙware a karatu da rubutun Hausa tukuna, sa'an nan ya shiga Turanci sosai a midil. Ta wannan hanya Abubakar Tafawa Ɓalewa ya bi har ya gama Kwalejin Katsina a 1933. Shi ne ya rubuta Shaihu Umar da Hausa, shi ne kuma ya yi jawabi da Turanci a gaban Majalisar Ɗinkin Duniya cikin Oktoba 1960.

Tsarin ilimi na ƙasa na 1977 ya ce a koyar da yaro da harshen gida a farkon firamare, daga baya kuma a koma koyarwa da Turanci. Kafin wannan, a 1970, Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa na Jami'ar Ife sun fara wani gwaji. Suka koyar da yara dukan darussa da Yarbanci har shekara 6, Turanci kuwa suka ba malamin da aka horar musamman domin shi. Yaran nan ba su kasa takwarorinsu a Turanci ba, a sauran darussa ma sun fi su. A nan Zamfara da Katsina, shirin RANA da aka fara a 2015 da taimakon UNICEF ya sa hannu a kan karatun Hausa a ƙananan azuzuwa.

A 2022 gwamnatin tarayya ta ce a koyar da harshen gida har aji 6. A Nuwamba 2025 Ministan Ilimi, Dokta Tunji Alausa, ya ba da sanarwa an soke wannan, an mayar da Turanci harshen koyarwa tun daga ajin farko. Masana da yawa ba su yarda da wannan mataki ba. Mu dai abin da ya kamata mu riƙe shi ne, kowace doka aka kafa, kunnen yaro bai sake ba. Yana bukatar abu biyu: ya iya karatu da harshen da yake ji, ya kuma yi ta jin Turanci yana faɗinsa.

Kowane manomin shinkafa ya san ba a dasa iri sai ya yi ƙwari a wurin reno. Karatun Hausa shi ne wurin renon. Hausa yadda ake faɗinta haka ake rubuta ta, saboda haka yaro yakan gane da wuri cewa baƙi da wasali su ke haɗuwa su ba da kalma, kalma kuma tana ɗauke da ma'ana. In ya gane wannan sau ɗaya, ba sai an sake koya masa ba. Amma wanda aka fara da Turanci, an ɗora masa kaya biyu a lokaci guda, koyon karatu da koyon harshe, sai ya koma hadda. Na sha miƙa wa ɗan sakandare kwalbar magani ya karanta rubutun tsaf, in na ce ya faɗa mini da Hausa sai ya sunkuyar da kai.

INDA HARSUNAN BIYU SUKA SAƁA

Malamin da ya san inda Hausa da Turanci suka saɓa ya san inda ɗalibinsa zai yi tuntuɓe tun kafin ya kai wurin. Kalmomin da muka ara su ne shaida. Turawa suka ce "pump", muka ce famfo. Suka ce "pencil", muka ce fensir. Suka ce "driver" da "shovel", muka ce direba da shebur. Watau Hausa ba ta raba "p" da "f", ba ta kuma da "v". A nan ƙasarmu ma da yawa "hwari" da "tahi" muke cewa inda littafi ya rubuta fari da tafi, saboda haka sautin "f" na Turanci sabo ne ga yaron. Ɗan Fulani ya fi samun sauƙi a nan, gama Fulatanci yana da "p" da "f" dabam dabam.

Gyaran ba shi da wuya. Yaro ya riƙe 'yar takarda a gaban bakinsa. In ya haɗa leɓɓansa ya ce "pan" daidai, iska za ta buga takardar. In zai ce "fan" kuwa, haƙoran sama za su sauka a kan leɓen ƙasa. Haka za a bi da "ban" da "van", da kuma "sink" da "think", inda kan harshe ke leƙowa tsakanin haƙora. Minti 5 kullum ya isa. Har wa yau Hausa ba ta son baƙaƙe su taru babu wasali, shi ya sa "bread" ya zama burodi, "brush" ya zama buroshi. Wannan ma sai an yi ta maimaitawa da baki, gama a jarrabawar WAEC akwai takarda guda a kan sautukan Turanci.

A nahawu kuma, mu wakilin suna ne ke nuna lokaci: na tafi, ina tafiya, zan tafi. Su kuwa aikatau ne ke sake kama: "go", "went", "gone". A wurinmu tebur shi ne, mota ita ce, a wurinsu duka "it" ne. Kalmarmu "ji" ta ɗauki jin magana da jin wari da jin zafi da fahimta, su kuwa kowanne da kalmarsa. "Ara" a wurinmu ta isa ga mai bayarwa da mai karɓa, su suna da "lend" da "borrow". Yaron da ya ce "borrow me your hoe" ba wawa ba ne, Hausarsa ce ya sa wa rigar Turanci. In malami ya nuna masa bambancin da Hausa cikin minti ɗaya, ya fi bulala goma amfani. Cin tarar yara domin sun yi Hausa a makaranta kuwa, abin da yake koya musu shi ne yin shiru.

YADDA DARASI MAI KYAU YAKE

Yaro yakan ji magana tukuna, ya faɗa, sa'an nan ya karanta, daga baya ya rubuta. Azuzuwanmu da yawa sun juya abin. Malami ya cika allo, yara su kwafa, a buga ƙararrawa. Ga waɗansu hanyoyi da ba su bukatar kuɗi.

Ta farko, a fara da umurni da aikatawa. Malami ya ce "stand up", ya tashi, yara su tashi. Ya kawo fartanya da lauje da zangarniyar gero da bokiti cikin aji, ya ce a ɗauka, a ajiye, a miƙa wa wane. Yaro yana gane ma'ana da idonsa da hannunsa tun bai iya amsawa ba. Wani malamin Amurka, James Asher, shi ya yi suna da wannan hanya tun wajen shekarun 1960.

Ta biyu, a babban aji a sa yara bibbiyu, wannan ya tambaya, wancan ya amsa, sa'an nan su juya. Aji zai yi surutu, amma yara 30 ne ke magana a lokaci ɗaya maimakon guda.

Ta uku, a zaɓi kalmomi. Wani Bature, Michael West, wanda ya yi aikin koyarwa a ƙasar Bengal, ya fitar da jerin kalmomi wajen 2,000 a 1953, waɗanda aka fi yawan amfani da su. Su ne kusan kashi 80 cikin 100 na abin da ke cikin rubutu na yau da kullum. In ka raba 2,000 a kan shekara 6 na firamare, ba su wuce kalma 2 a kowace ranar makaranta ba. Da yayyafi kogi kan cika. Amma kowace kalma sai ta zo cikin jimla, a kuma yi ta komawa kanta.

Ta huɗu, a yawaita karatun labarai masu sauƙi. A 1980 waɗansu masana biyu, Warwick Elley da Francis Mangubhai, suka gwada wannan a makarantun ƙauye na tsibirin Fiji, inda yara ba su jin Turanci a gida kamar namu. Suka ba kowane aji littattafan labarai wajen 250, ana karantawa kullum. Cikin wata 8 yaran suka ci gaba a karatu wajen ninki biyu na abin da aka saba gani. Sharaɗin shi ne littafin ya zama daidai da ƙarfin yaro. In baƙin kalmomi sun yi yawa a shafi, zai ajiye shi.

'YAN SAKANDARE DA 'YAN JAMI'A

Ɗalibin da ya kai babban aji yana bukatar abu uku da jarrabawa ke nema: rubuta wasiƙa ko insha'i, amsa tambaya a kan abin da ya karanta, da taƙaita dogon bayani. Ba a samun waɗannan ta haddace amsoshin shekarun baya, balle ta biyan kuɗi a wuraren satar amsa. Wanda ya shiga jami'a da kiredit na saye zai gamu da darasin Turanci na shekarar farko, wanda yake tilas ga kowa, ga laccoci, ga rahoton koyon aiki, ga kundin bincike na ƙarshe.

Maganin shi ne rubutu kaɗan kaɗan kowane mako a kan abin da ɗalibi ya sani. Ɗan kwalejin Bakura ya rubuta yadda ake renon irin albasa daki daki. Ɗan sakandaren Maradun ya rubuta wa shugaban ƙaramar hukuma wasiƙa a kan gadar da ruwa ya cinye. Malami kuma kada ya cika takardar da jan biro. Ya zaɓi kuskure iri ɗaya ko biyu, ya gyara, ya sa a sake rubutawa. Wata hanya mai kyau ita ce ɗalibi ya saurari labaran rediyo da Hausa, sa'an nan ya saurari na Turanci a ranar. Da yake ya riga ya san labarin, kunnensa zai kama kalmomin.

ABIN DA ƘUNGIYA ZA TA IYA YI

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ga shawarwari 6 da kowace ƙungiya za ta iya tattaunawa a taronta na gaba.

1. Ku tabbata kowane yaro ya iya karanta Hausa kafin ya gama aji 3.  Uwa ko uba da ya iya, ya zauna da yaro minti 15 da yamma.

2. Bayan girbi ku ware kuɗin buhu ɗaya ku sayi akwatin ƙarfe da littattafan labarai na Hausa da na Turanci mai sauƙi, da ƙamus guda. Ku naɗa mai riƙon mabuɗi da littafin rubuta sunan mai ara.

3. Ɗalibanku na kwaleji da jami'a, in sun zo hutu, ku ba su ajin ƙannensu sau 2 a mako, da rana tun ido na ganin ido, a cikin gari, inda iyaye suka amince da tsaron wurin. Ku ba su ɗan abin sabulu. Mai koyarwa ma nasa Turancin zai ƙaru.

4. Ku ba yara aikin gaske. A gaban malamin gona, ɗan sakandare ya karanta takardar iri ko bayanin buhun taki ya fassara wa taro. Kwalbar magani kuwa babba ne zai riƙe, yaro ya karanta daga nesa.

5. Ko ba ka jin Turanci, tambayi ɗanka kullum, "Me aka koya muku yau? Faɗa mini da Hausa." In ya iya faɗi, ya gane. In bai iya ba, ka je ka ga malaminsa cikin mutunci.

6. Ku shiga kwamitin iyaye da malamai, ku nemi a ba ƙananan azuzuwa malamin da ya fi iya harsunan biyu. Kada kuma a bar 'yan mata a baya, kada a cire yaro daga aji ranar dashe ko ranar kasuwa.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ƙungiyar da ta fara akwatin littattafai bana, ta rubuto mana yawan yaran da ke ara da irin littattafan da suka fi so, domin sauran ƙungiyoyi su san abin da za su saya. Allah ya ba mu zaman lafiya a garuruwanmu, ya sa albarka a gonakinmu da karatun 'ya'yanmu.